Daga lissafi zuwa tattalin arzikin muhalli: wace ƙofa za ka bi?

Wani ƙanena da ya gama lisansi ɗin lissafi a jami'ar Abdou Moumouni ya same ni a fada ran nan muna shayi, yace yaya ni fa na gaji da koyarwar kwantaragi, ina so in koma tattalin arzikin muhalli amma ban san inda zan zuba kuɗina da shekaruna ba. Abin da na faɗa mishi shi zan maimaita nan, don ni ma alli na riƙe a Tawa kafin in sauya hanya, kuma na san akwai irinshi da yawa.

Da farko kar wanda ya ruɗe ka cewa lissafinka ya tashi a banza. Harold Hotelling da ya kafa ƙa'idar yadda ake cin arzikin ƙasa mai ƙarewa a 1931, da lissafi yayi dokta. Ga misali na gida, manomi a wajen Badagishiri ko Illela ya haƙa tassa a fako cikin rani, rami bayan rami yana zuba taki, wahalar yau ce amma amfanin sai a hankali shekara da shekaru. Jika 100 da za ta zo bayan shekara 10, in ka rage mata daraja da kashi 10 cikin ɗari kowace shekara, yau jika 38 ce da ɗoriya, in kashi 3 ne kuwa ta kai jika 74. To wannan ɗan bambancin shi ke sa a ce aiki ya ci ko bai ci ba, kuma kai minti biyu ya ishe ka ka gane shi. Abin da ka rasa shi ne sanin kasuwa da dokar gona da halin mutane, shi za ka je saye, ba wata takarda mai kalmar muhalli a goshi ba.

Ƙofar da nafi yabawa ita ce jarabawar shiga da ake kira kwankur ɗin ISE, wato injiniyan ƙididdiga da tattalin arziki, wanda ke kai mutum manyan makarantun ƙididdiga, ENSEA ta Abijan ko ENSAE ta Dakar ko ISSEA ta Yawunde. Akwai ɓangare na musamman don masu lisansin lissafi, ana yi sau ɗaya a shekara, a nan Yamai hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS ke karɓar takardu, karatun kuma shekara 3 ne. Daɗinta shi ne ba a ce maka ka manta abin da ka sani, a kan lissafinka ake ɗora maka tattalin arziki da ƙididdiga har ka iya ɗaukar bayanan ruwan sama da na farashin hatsi ka fitar da magana mai kan gado. Amma fa tana da ƙaya, kwankur ɗin akwai zafi ƙwarai, akwai iyakar shekarun haihuwa, sannan cin kwankur daban samun bursi daban, kuma muhallin kansa ba shi ne jigon karatun ba, kai za ka ja memuwar ɗinka da istaj ɗinka zuwa can. In kana ƙasa da iyakar shekarun kuma ba iyali a wuyanka, wallahi kar ka tsaya dogon tunani.

Wanda ke da mata da yara kuwa, mastar a gida tafi sauƙi, a fakultin tattalin arziki na Yamai ko a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Kuɗi kaɗan, kana kwana gidanka, kana iya riƙe ajinka. Sai dai kafin ka biya ko dala ka je da ƙafarka ka tambaya ko suna karɓar mai lisansin lissafi kai tsaye ko sai ka koma baya, kuma ka nemi malamin da zai yarda ya duba aiki a kan ƙasa ko ruwa ko itace, don in babu shi za ka ƙare da memuwar a kan banki.

AGRHYMET fa? Mutane na son ta kuma ta cancanta, cibiyar horo da bincike ce ta CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, tun 1974, ga ta nan Yamai gefen Harobanda. Amma a gane, ƙarfinta a noma ne da ruwa da yanayi. Za ka fito ka san fari da hotunan tauraron ɗan adam, ba za ka fito masanin tattalin arziki ba. Na fi ganinta a matsayin ƙari bayan ka samu tushe.

WASCAL, cibiyar nazarin sauyin yanayi ta yammacin Afirka da Jamus ke ɗaukar nauyi, ta raba fannoni ƙasa ƙasa, Yamai ta samu sauyin yanayi da makamashi, tattalin arzikin sauyin yanayi kuma yana jami'ar Cheikh Anta Diop a Dakar, matakin dokta ne sai kana da mastar, kuma da Ingilishi ake karatu, don haka fara gyara turancinka tun yanzu. CERDI, cibiyar nazarin tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa a Clermont-Ferrand ta Faransa, ita ma ta san harkar ƙasashenmu, amma biza da tsadar rayuwa kaɗai sun isa su sa kada ka jingina duk shirinka a kanta.

Abin da nake roƙonka ka guje ma shi ne kwasa-kwasan sati biyu da ake tallatawa a WhatsApp. Ni na taɓa biya, albashin wata na zuba a wata cibiya, aka yi ta nuna mana hotuna a bango aka ba mu takarda mai tambarin zinariya, ranar da na kai ta neman aiki ko dubanta ba a yi ba, tambayar da aka yi min ita ce ka iya manhajar ƙididdiga irin Stata ko R, ka taɓa fita bincike ƙauye? R kyauta ce, kwamfuta da intanet kawai take so, dana sani da a can na kashe lokacin.

Ko wace ƙofa ka bi, ka nemi istaj a inda ake taɓa ƙasa, majalisar muhalli ta ƙasa CNEDD, ko BNEE masu duba tasirin ayyuka ga muhalli, ko cibiyar binciken noma INRAN, ko wani porje a Keita inda aka fara gyaran fako tun 1984. Ranar da na fara zama da wani dattijo ƙarƙashin gawo ina ta cike takardar tambayoyi, nace Baba nawa icen nan yake kawo maka a shekara, sai ya lissafa min ƴaƴan da awaki ke ci da rani, da ganyen da ke zuba da damina ya zama taki, da hatsin da ke fin kyau a gindinsa, ya ƙara da rigimar da yayi da mai yankan reshe, ni kuwa gurbi ɗaya tak na tanada a takardar. Ƙanen nawa dai ya karɓo tsofaffin jarabawowin ISE, yanzu kullum bayan isha'i yana nan yana fama da su.