Mashtal ɗin da muka sayi dashen bakin zalat a wajensa

Mutane biyu uku sun tambaye ni inda muka samo itatuwan da muka jera a bakin zalat, wato kwalta, da kuma filin bayan masallaci, to bari na faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Wani mashtal ne ƙarami, wato wurin renon dashen itatuwa, a hanyar Sinnar in ka taso daga Mai Wurno a nan Sudan, ba allo ba komai, dattijo ne da yaransa biyu da rumfar kara da ledoji baƙaƙe jere a ƙasa. In kana cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku, tana gudu wlh sai ka wuce shi.

Lijnar unguwa ce, wato kwamitinmu, ta tura ni da kuɗin da aka tara, kuma abin da aka ce na sayo damas ne, wani itace mai saurin girma, don kowa shi yake gani a birni, kore shar, shekara biyu ya yi inuwa. Ina faɗa dattijon ya kalle ni ya ce ɗana, akwai bututun ruwa a gefen hanyar nan taku? Na ce akwai Baba. Ya ce to saiwar damas sai ta nemo shi ta shige ciki, kuma ba ɗan da yaro ko akuya za su ci a jikinsa. Yana da shi fa, ga shi can a jere, amma ya ce in don bakin hanyar ƙauye ne shi dai bai ba ni shawara ba. Gaskiya raina ya ɗan sosu, na zo da kuɗi ana min wa'azi.

Shi ya zauna ya tsara mana. Kurna da aduwa a bakin zalat inda ƙasa ke bushewa ta tsage da rani, bagaruwa a gangaren da ruwa ke kwanciya da damina don ita ba ta tsoron jiƙa, ga garad ɗinta, wato 'ya'yanta, na magani da jima, gawo biyu a tsakiyar fili saboda shi da damina yake zubar da ganye, ciyawa ta samu rana ta fito a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya ba da inuwa. Da na ce kurna ai ƙaya, ya ce ƙayar ce ke sa tsuntsu ya yarda ya yi sheƙa, kuma ƙudan zuma ba abin da suke so kamar furenta. Ya ja min kunne sosai kan miskit, itacen ƙayar nan mai mamaye ƙasa, ya ce duk wanda ya tsiro a tuge shi tun yana ƙarami. Wannan kam ba sai an faɗa mana ba, tun 1917 aka shigo da shi Sudan, a 1995 gwamnati ta ce a kawar da shi, har yau yana nan yana cin gonakin mutane.

Maganar da ta jawo rigima a lijna ita ce ta ciyawa. Mu da mun saba ana gayya a kwashe ta tas ko a sa wuta, shi ya ce a yanke kamar taku biyu daga bakin hanya don direba ya ga gabansa yara su samu wurin bi, sauran a bar ta sai iri ya zube bayan damina, kuma ko sannan kar a yanke duka rana ɗaya. Kawuna ya ce macizai za mu tara wa jama'a. Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, shi ya sa kusa da gidaje da wurin wasan yara muka share. Amma bana bushiya na gani da idona da magariba a wajen, abin da na jima ban gani ba, ga balbela tana bin fara in shanu sun wuce, kurciya kuwa ba a magana.

Inda bai kyauta ba shi ne alƙawari. Ya ce karo, wato keken jaki, zai kawo ran Talata, sai Asabar da yamma ya iso, ledoji kusan goma sun yage saiwa a waje, biyar daga ciki suka mutu. Na koma ya canza min uku ba gardama, biyun ya ce laifin akuyoyinmu ne, kuma ina jin da gaskiyarsa don shingen ƙayar da muka yi na farko wasa ne. Dashen nasa ƙanana ne ƙwarai, musamman aduwa, wadda ke tafiyar hawainiya, wanda ke son inuwa badi ya haƙura da ita.

Farashi ba zan rubuta ba don kafin ka karanta ya canza, amma ya fi na cikin gari sauƙi, yana kuma karɓar Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Ku je da safe kafin rana ta yi, kuma ku tafi da karonku.