Kwas ɗin Tuƙi ta Intanet don Soke Tarar Hanya a Texas: Yadda Na Same Shi

Ɗan sanda ya tare ni ina gudun mil 52 a titin da aka ƙayyade mil 40, ya miƙo mini takarda mai ɗauke da ranar da zan amsa a kotu. Da yake dokar jihar Texas ta ba direba damar a soke masa irin wannan laifi idan ya yi kwas ɗin tuƙi na kauce wa haɗari, sai na yi rajista da wata makaranta mai koyarwa ta intanet, wadda na tabbatar tana da lasisin hukumar TDLR mai ba da lasisin sana'o'i a jihar, domin kotu ba ta karɓar takardar makarantar da hukumar ba ta amince da ita ba.

Babban aibin da na gani shi ne shafin makarantar ya fi ɗokin karɓar kuɗi a kan faɗa wa mutum ko ya cancanta. Sai da na gangara can ƙasa, cikin ƙananan rubutu, sannan na ga cewa kotu ce ke ba da izinin yin kwas ɗin, kuma dole a nemi izinin kafin ranar da ke jikin takardar ta wuce, a amsa laifin ko a ce ba a jayayya, a biya kuɗin kotu. Wanda ya yi azarɓaɓin kammala kwas kafin izini ya fito yana iya yin aikin banza.

Sharuɗɗan kuwa suna da tsauri. Ana buƙatar lasisin tuƙi na Texas mai aiki, sai dai an sassauta wa sojojin da ke bakin aiki da iyalansu, tare da shaidar inshorar mota. Wanda ya yi irin wannan kwas don soke wani laifi cikin watanni 12 kafin ranar sabon laifin ba shi da rabo, haka ma mai lasisin tuƙin manyan motocin kasuwanci, ko da a motarsa ta gida aka kama shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya kamata a rubuta shi da manyan haruffa, ganin yawan direbobin tirela da ke faɗawa tarkon. Ba a yafe wa wanda ya zarce ƙa'idar gudu da mil 25 ko fiye, ko ya kai mil 95 a sa'a, ko ya wuce motar 'yan makaranta tana sauke yara, ko ya gudu daga wurin haɗari, ko ya yi laifin a wurin gyaran hanya alhali ma'aikata suna nan.

Karatun kansa ba shi da laifi. Awa 6 ne kamar yadda doka ta tanada, kuma akwai agogo a kowane shafi wanda ba ya barin mutum ya tsallake, ga tambayoyi da ke faɗowa ba zato don a tabbatar mai rajistar ne ke zaune. Na yi shi cikin dare uku a waya, ina tsayawa ina ci gaba daga inda na tsaya. Darasin tazarar da ya kamata a bari tsakanin mota da mota ya amfane ni ƙwarai, amma wasu bidiyoyin sun tsufa har motocin cikinsu sun ba ni dariya.

An tallata farashin a dala 25, wato mafi ƙarancin da jihar ta yarda a karɓa, sai dai a wurin biya an yi ta cusa mini ƙarin kuɗi na aiko da takardar shaida cikin gaggawa. Na ƙi, domin kotu ta ba ni kwana 90, kuma takardar ta iso da sauran lokaci, kwafi ɗaya na kotu, ɗaya na kamfanin inshora. Na haɗa ta da tarihin tuƙina nau'in 3A, wato cikakken tarihi mai tabbacin hukuma, daga hukumar tsaron jama'a ta Texas (DPS), da takardar rantsuwa na miƙa, aka kori ƙarar ba tare da laifin ya hau kan tarihina ba.