Ƙwayar man kifi ko kifin kansa?

Mutane da yawa suna sayen ƙwayar man kifi a kemis, wai tana kare zuciya. Abin da ake nema a cikinta shi ne kitsen omega-3, wanda kuma yana cikin kifi mai maiƙo kamar titus da shawa da sadin.

A 2018 an fitar da sakamakon binciken VITAL a Amurka. Mutum fiye da 25,000 suka shiga, aka riƙa ba rabinsu giram ɗaya na man kifi kullum har sama da shekara biyar. A jimlace, ƙwayar ba ta rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mace-macen zuciya yadda aka yi fata ba. Shan ta da yawa ma kan ƙara haɗarin rikicewar bugawar zuciya. Inda take da amfani shi ne wajen mai yawan kitsen tirigiliserayid a jini, shi ma da sanin likita.

Kifi kuwa abinci ne. Ga furotin, ga bitamin D, kuma ranar da ka ci shi ka rage jan nama. Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a ci sau biyu a mako. Sai dai in an soya shi cikin man da aka maimaita, aka zabga gishiri da magi, an ɓata rawa da tsalle, musamman ga mai hawan jini. Gasawa ko farfesu ya fi.

Ni dai kuɗin kwalba ɗaya gara in kai wa mai kifi a kasuwa.