Yaya, a Dakata da Maganar Ciyawar Nan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya. A gaishe min da Inna, a ce mata na ji saƙonta, zan kira ranar Juma'a in sun sauko daga masallaci. Na ga hotunan ginin, katanga ta kai, rufi saura kaɗan. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Saƙon muryarka na shekaranjiya ne ya zaunar da ni rubutu. Ka ce hoton yara suna birgima a kan ciyawar bayan gidanmu ya burge ka, har ka ce wa magini kada ya zuba siminti a gaban falo, a bar wurin a shuka irinta. Yaya, don Allah a dakata. Ni ne mai ciyawar nan, kuma hoton bai nuna maka bayana da ke ciwo ba.

Shekara shida muka yi a gidan haya na bene, ban taɓa tambayar wa ke yanke ciyawar harabar ba. Kullum dai a aske take kamar kan ango. A 2021 muka sayi wannan gida a wani ƙaramin gari da ke gefen Miniyapolis, a jihar Minesota ta Amurka. Filin da ya kewaye ginin, gaba da baya, zai kai fuloti ɗaya irin namu na ƙafa 50 da 100. Da dillaliyar gidan ke ta yabon filin, ni ma kaina nake gyaɗawa, ina lissafin inda za mu shimfiɗa tabarma da yamma. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni ne dai ban sani ba.

Abu na farko, babu katanga. A Bauchi katanga ce ke rufa wa mutum asiri: ko tsakar gidanka ya koma daji, daga kai sai iyalinka. A nan gaban gida a buɗe yake, duk mai wucewa da karensa yana auna ka da ido. Kuma ba ido kaɗai ba, har da doka. A cikin Miniyapolis ciyawa ba ta wuce inci 8, garinmu ma yana da tasa iyakar. Ka san aikina na jinya, awa 12 ne, daga bakwai na dare zuwa bakwai na safe, wani makon kwana uku, wani huɗu. Uwargida tana aiki tana karatu. A watan Mayu da Yuni ciyawar nan tashi take kamar ana jan ta da igiya, ga ruwan sama, ga rana da ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare. Na yi sakacin mako uku, sai ga takardar hukumar gari a akwatin wasiƙa: an ba ni 'yan kwanaki in yanke, in ba haka ba su turo ɗan kwangila ya yanke, su ɗora kuɗin a kan harajin gida. Nan take na tuna dubagarin da Inna ke ba mu labari, mai shiga gida yana leƙa randa. Tsaftar muhallinmu ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda rabin gari ke barci har a buɗe hanya, wasan yara ce a kan wannan.

Abin da ya fi ba ni dariya da takaici shi ne lokacin. Babbar Sallah ta 2023 da ta 2024 duk a watan Yuni suka faɗo. Ka tuna yadda muke ɗaukar lauje da buhu mu gangara fadama neman ciyawar ragon Baba, wani lokaci har faɗa da yaran wata unguwa a kan wuri mai harƙiya? Ka tuna masu kasa damin ciyawa da harawa a bakin hanya, ana ciniki kamar na tumatir? To ni a nan ranar jajibiri ina tura inji, ina tara ciyawa ɗanya shar wadda za ta ƙosar da raguna biyu, ina cusa ta a buhun takarda, kuma kwashe ta ma sai na biya. Ko a buhun leda ba a yarda ka zuba ba, tun 2010 aka hana a yankin nan, sai na takarda ko wanda zai ruɓe tare da ita a zama taki. Ragon layyata kuwa yana can wata gona mai nisan awa guda a mota, ban taɓa ba shi ko tsinke ba.

Kada ka ce ba su san darajar dabba ba. Akwai masu garken awaki da sana'arsu ke nan, a yi hayar awakin su cinye ƙaya da sagagi. Hukumar lambunan Miniyapolis ma ta taɓa kawo su don su ci wani ɗan itace mai mamaye daji. Wato mai akuya ake biya don akuyarsa ta ci abinci. Da na faɗa wa wani ɗan Gombe da muke haɗuwa a masallaci, cewa ya yi mu haɗa jari.

Bari in zo kan kaya, don a nan dole in yi musu adalci. Shagunan kayan gini da na lambu irin su Home Depot da Lowe's, kowanne ya kai girman wani ɓangare na kasuwar Wunti, rufi ɗaya. Injin yankan ciyawa kala-kala, mai fetur, mai batir, har wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta. Farashi a rubuce, babu "nawa za ka rage", babu "gaskiya da gaskiya". Na sayi mai fetur a kan dala 380, kuɗin da bai kai aikin dare ɗaya ba. Manjagara, shebur, tiyo, almakashin datse reshe, duk na ƙwarai ne, ba irin manjagarar da haƙoranta ke lanƙwashewa a mako guda ba. Kuma in ka kai gida abu bai yi maka ba, ka mayar da rasit a ba ka kuɗinka, ba wanda zai haɗe maka rai. Ka kwatanta da rasit ɗinmu da ake bugawa a ƙasansa cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. In ba ka son saye, akwai haya ta awa ko ta yini. Gwanjo kuma yana Facebook, mutum zai sayar maka da inji mai kyau a rabin kuɗi don kawai zai tashi daga gari.

Amma ranar da injin ya ƙi tashi, ranar na yi kewar gida. Laifina ne. Na bar fetur a cikinsa duk tsawon sanyi, wata biyar. Fetur ɗin jihar nan tun 1997 ake gauraya shi da sinadarin da ake tatsa daga masara, kashi 10 cikin 100, shi kuwa in ya daɗe a ajiye yana jan laima ya toshe kafireta. Na kira wani shagon gyara. Suka ce in kawo, layi mako uku, kuɗin duba kawai dala 90, ban da kayan gyara. Yaya, wannan aikin yaron mai gyaran janareta na bakin layinmu zai yi shi kafin ka gama shan shayi, ya kwance kafireta, ya wanke da fetur, ya busa da baki, ya goge fulogi, ka ba shi abin da ya sawwaƙa har ya yi godiya. A nan mutane da yawa ba sa gyara, a bakin titi suke ajiye injin da takarda "kyauta", su sayi sabo. Ni dai YouTube na buɗe, na baje ƙarafa a gareji, na yi awa uku, na ɓata riga ɗaya. Ya tashi. Har yau akwai wani ƙaramin noti da ya rage ban san gurbinsa ba.

Abin da na fahimta ke nan: kaya araha, hannu tsada. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, a Miniyapolis kuwa ya haura dala 15. Mu namu naira 70,000 ne a wata tun 2024. Saboda haka abin da a gida za ka kira yaro biyu da adda da fartanya su share maka kafin azahar, ka haɗa musu da tuwo, a nan kamfani ne da mota da tirela da inshora. Na gwada su bazara guda. Dala 50 duk zuwa, sau ɗaya a mako, minti 25 sun gama sun tafi, ko gaisawa ba ma yi, ta waya ake cire kuɗin. Ka buga lissafin wata da canjin yau ka ga. Da farko aikin tsaf. Daga baya suka fara tsallake mako, suka kuma bi ta kan yakuwar da uwargida ta sha wahala ta tsirar a gefen gida, suka aske ta ƙasa, wai sun ɗauka ciyawar banza ce. Rigimar da aka yi a gidan nan ranar ba ta rubutuwa. Na sallame su. Akwai wani yaron maƙwabta ɗan sakandare da ke yi a dala 30, amma shi ma sai ka bi jadawalin wasan ƙwallonsa.

Ga shi ciyawar ba a barin ta ta ci da kanta. Shuka ce, iri ake saye, a zuba mata taki, a fesa maganin wata fulawa rawaya da ke ɓata mata tsari, a ba ta ruwa. Takin ma da doka, an hana mai sinadarin fosfaras sai da dalili, saboda ruwan sama na wanke shi zuwa tafkunansu. Shekarar da muka tare aka yi fari, aka ce masu lambar gida mara su yi ban ruwa ranar mara, masu cika ranar cika. Ruwan famfo ne mai tsabta da za ka sha, mita tana juyawa. Na tsaya da tiyo a hannu ina shayar da abin da ba a ci, ina tuna Inna tana ƙirga jarkokin ɗan garuwa. Wallahi sai na ji kunya, na kashe. Ta yi ja kamar tofar watan Disamba a gida, da ruwa ya dawo ta farfaɗo abinta.

In ciyawa ta yi barci a Oktoba, ganye ya karɓi aiki. Bishiyoyi biyu ne a gidan, amma buhu 30 na cika bara, har da na maƙwabci da iska ke yi min kyauta. Ƙonawa haramun ce a cikin gari. Sai hawa tsani a kwashe wanda ya toshe indararo. Ɗaya bishiyar kuma wani ƙwaro ya kashe ta, wanda aka fara gani a jihar nan a Sent Pol, maƙwabcin Miniyapolis, a 2009 yana ta cinye irinta. Sare ta kawai dala 1,800. Da a gida ne masu itace za su biya ni, su kwashe har saiwa.

Dusar ƙanƙara ba zan tsawaita ba, ka sha ji. Hanyar masu tafiya a ƙasa da ta bi ta ƙofar gidanka, kai za ka share, a Miniyapolis cikin awa 24 bayan ta tsaya. Sanyin 2022 zuwa 2023 an zuba inci 90, sama da mita biyu. Sai in sauko daga aikin dare in tarar motar share titi ta tara min tudu a bakin gareji, sai na haƙa kafin in shiga gidana. Maƙwabcina wani dattijo ne Bature da ya yi ritaya, in ya fito da injinsa yakan zarce har gabana ba tare da ya ce komai ba. Mukan aika masa da dambun nama da sallah. Shi ciyawarsa kamar darduma, amma shi ba ya zuwa ko'ina, aikinsa ke nan tun safe.

Ba na ce ba ta da daɗi ba. Ranar da na yanke, ƙamshinta ya tashi, yara suka fito ba takalmi, babu ƙaya babu ƙarangiya babu fasasshiyar kwalba, nakan ji sanyi a raina. Ranar ce na ɗauki hoton da ya ja mana wannan magana.

Amma ka duba Bauchi. Daga Nuwamba zuwa Maris ɗigo ba ya sauka. Ruwan famfo na madatsar Gubi ba kullum yake isowa unguwar da muke ginin ba, ke nan sai rijiyar burtsatse, ita kuma sai wuta ko man janareta. Da damina ta zama maɓoyar sauro da maciji, ga gara. Injin in ya lalace mai gyara yana nan, amma wa zai riƙa turawa duk mako alhali ni ina nan? Kai ga aikinka ga iyalinka, ba zan ƙara maka da kiwon ciyawa ba.

Ga abin da nake so. Gaban falo a sa intalok, a bar ramuka uku. Mangwaro ɗaya mai aure, gwaiba ɗaya, lemun tsami ɗaya. Kada a sa dogon yaro kusa da katanga, saiwarsa za ta tsaga ta. Bayan kicin a bar ƙasa, kamar taku goma, a jera zogale a jikin katanga, sauran uwargida ta ce nata ne, yakuwa da alayyafo da kuɓewa. Can kusurwa a yi ɗan garke da rumfar kwano mai ɗaukar rago biyu. Ka tambayi magini abin da intalok ɗin zai ci, har da yashi da kuɗin aiki, ka turo min kafin ƙarshen wata in haɗa da kuɗin tagogi.

Zan tsaya nan, ƙarfe huɗu ta yi, ban runtsa ba, ga aiki da bakwai. An ce za a yi ruwa jibi, kuma ta gaban gidan ta fara rufe min idon sawu.

A gaida Anti da yara, da mutanen zaure gaba ɗaya.

Ƙaninka.