Zanen hoton Baba da na bayar a Ƙofar Ƙaura

Bayan rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa, hoto ɗaya tak muka samu na kirki, yana zaune a zaure da rediyonsa. Da ya fara dusashewa sai na kai wa wani mai zane da ke da ɗan shago wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, wanda ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Muka daidaita a kan naira 45,000, da fentin mai.

Ranar da na kawo shi gida Hajiya ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Malam fa bai taɓa tagumi ba." Gabana ya faɗi. Sai da na matsa kusa na ga ba tagumi ba ne. Mai tagumi kuncinsa yake zubawa a tafin hannu, ya kafa wa ƙasa ido. Nan kuwa yatsa biyu ne kawai a kan gemu, idanun na duban bakin zaure. Haka Baba yake yi in an kawo masa sulhu, yana auna magana kafin ta fita. Mutumin da bai taɓa ganinsa ba ya kamo wannan, kuma a nan ya ci kuɗinsa.

Hasken ta gefe ɗaya ya shigo, irin na bayan la'asar, ya bar rabin fuskar cikin inuwa. Carbin na rataye a wuyan hannu, ba a jansa. Eriyar rediyon ma ya naɗe ta, alhali a hoton asali a miƙe take. Da na tambayi mai zanen ya ce, "Yaya, ai na ga hankalinsa ba ya kan labarai."

Abin da bai kwanta mini ba shi ne hasumiyar Gobarau da ya saka can nesa ta ƙofa. Na gane ilimi yake nufi, tunda wurin tsohon masallaci ne kuma makaranta, amma ba a hango ta daga gidanmu, kuma bai shawarce ni ba. Sannan mako uku ya ɗauka mini alkawari, sai da aka yi bakwai. Fentin mai ba ya bushewa da wuri, ga ƙurar hunturu, to amma da ya faɗa tun farko.

Hajiya ba ta yarda a rataye shi inda take sallah ba. Yana falo, kuma ita ke goge shi da gefen mayafinta.