Peepli Live: dariya har da hawaye, sai dai ƙarshensa ya ɓata mini rai

Mai tura fina-finai na bakin layinmu ya rantse mini cewa Aamir Khan na ciki. Ko ƙeyarsa ban gani ba, ashe kuɗinsa kawai ya zuba, wata Anusha Rizvi ce ta ba da umarni a 2010. Babu rawa a gindin fulawoyi, babu bos. Saura kaɗan in goge shi daga wayata.

Labarin Natha ne, manomin da banki zai ƙwace wa gona. Aka ce gwamnati na biyan rufi dubu 100 ga iyalan manomin da bashi ya sa ya kashe kansa, yayansa Budhia ya lallaɓa shi har ya ce shi zai yi. Ga zaɓen cike gurbi ya matso, sai 'yan jarida da 'yan siyasa suka yi wa ƙauyen tsinke.

Wurin da ya kashe ni da dariya shi ne zuwan jami'an gwamnati da tallafi. Mutum yana kukan bashi, suka kawo masa famfon tuƙa-tuƙa sabo fil, suka dire a tsakar gida. Kuɗin haƙa rijiyar fa? Babu shi a tsarin. Haka famfon ya zauna kan busasshiyar ƙasa, Natha na kallonsa baki sake. Wallahi sai da na tsayar da fim ɗin na share hawaye, don duk wanda ya taɓa ganin rabon kayan tallafi gab da zaɓe ya san wannan famfon. Wani ɗan siyasar kuma talabijin ya kawo masa.

Sai dai fassarar Turancin da ke ƙasa gudu take yi, kafin in gama karanta layi ɗaya an wuce biyu, rabin baƙar maganar da tsohuwarsu ke gasa wa surukarta daga kan gado ta wuce ni. Kuma ban yafe musu ƙarshen ba. Ɗan jarida ɗaya tilo mai imani a cikinsu, wanda Nawazuddin Siddiqui ya fito a matsayinsa, shi gobara ta ci, aka ɗauka gawar Natha ce, iyalin kuma ko sisi ba su samu ba tunda haɗari ne. Na shiga neman nishaɗi na kwana da ƙunci.

Ku nema ku kalla, amma ban da gaban yara, bakin tsohuwar nan ba shi da linzami.