Stellarium da tauraruwar T Tauri

Kyauta ake sauke manhajar Stellarium, mai nuna sararin sama da taurarinsa, a kwamfuta, kuma a ganina duk mai sha'awar taurari ya kamata ya mallake ta. Da na rubuta T Tau, wato T Tauri a taƙaice, a wurin bincike, nan take ta juya sararin sama ta tsaya kan wata 'yar ɗigo a rukunin taurari na Taurus, kusa da jar tauraruwar nan Aldebaran. Ido tsirara ba ya ganin T Tauri, amma a manhajar kana iya matso da ita yadda kake so.

Sunan ne ya fi ɗaukar hankalina. John Russell Hind, ɗan Ingila, shi ya gano ta a 1852. Haskenta yana ƙaruwa yana raguwa, shi ya sa aka saka mata suna bisa tsarin Argelander, masani ɗan Jamus, wanda ke bai wa irin waɗannan taurari haruffa daga R zuwa Z. Ita ce ta uku irinsu da aka gano a Taurus, sai ta samu T. A 1945 Alfred Joy, masanin taurari ɗan Amurka, ya tattara ire-irenta ƙarƙashin sunanta, daga baya aka gane jarirai ne da ba su gama girma ba. Malaman kimiyya, don Allah ku nuna wa ɗalibanku wannan manhaja.